Duro Mai Dariya

Akwai shekarar da na riƙa yin aiki biyu da buroshi ɗaya. Da safe in shafe hoton ƙoƙon kan mutum daga jikin duron da ke cike da guba, da la'asar in zana shi a jikin duron da bai taɓa ɗaukar abin da ya fi man gyaɗa haɗari ba. Duka biyun ana biyana, har a haɗa mini da godiya. Wadda ta kusa rasa ranta a kan wannan wayon nawa kuwa, Innata ce.

Sana'ata fentin mota ce. Rumfata tana bayan Ƙofar Taramniya, a gindin wani dogon yaro da awakin unguwa suka mayar majalisarsu. Lokacin soja ke mulki, kuɗin fetur sun shigo ƙasa ta ko'ina, duk wanda ya sayar da buhun gero goma sai ka ji yana tambayar farashin babbar mota. Kowace mota kuma sai an yi mata ado kafin ta hau titi. Ni ne mai zana zaki a ƙofar direba, dawisu a gefe, addu'a a baya. Wani malamin unguwarmu ya taɓa tsayawa ya yi mini wa'azi a kan zanen abu mai rai. Na ce masa ya dubi zakin da kyau, in har ya taɓa ganin halittar Allah mai wannan kama, yanzu in tuba. Ya duba, ya ƙara dubawa, ya gyara rawaninsa ya wuce.

Wanda ya koya mini zanen ƙoƙon kai, abin dariya, shi ne mutumin da ya fi kowa tsoron doka a Sakkwato. Jami'in duba motoci ne, Kirista, mutumin Filato, mai gajeren wando da doguwar safa har gwiwa ko da rana ta kai ta dafa ƙwai. Direbobi ba sa ƙaunarsa ko kaɗan, don ba ya karɓar goro, kuma ba ya gajiya da tsayuwa a bakin hanyar Kalambaina. An taɓa tura shi kwas tashar jiragen ruwa ta Ikko, ya dawo da wani littafi mai hotuna, yana riƙe da shi kamar jariri. Wata rana ya zo rumfata ya ce yana son allo babba da zai kafa a ofishinsa, in zana masa duk hotunan da ke ciki.

Kowane hoto yana cikin wata siffa mai kusurwa huɗu a tsaye, irin yankan tuwon madara. Akwai harshen wuta. Akwai wani abu yana tarwatsewa. Akwai hannun mutum ana ɗiga masa ruwa yana cinyewa. Sai kuma ƙoƙon kai a kan ƙasusuwa biyu a gicciye, haƙora duk a waje.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wanga mi yas sa shi dariya?"

Bai yi dariya ba shi. Ya zauna a kan gwangwanin fenti ya yi mini karatu da Hausarsa ta mutanen Jos. Ya ce ƙasashen duniya ne suka zauna suka yarda a kan waɗannan alamomi, don kaya ya tashi daga ƙasar da ba mu jin yarenta ya iso hannun ɗan dakon da bai iya karatu ba, kuma kowa ya gane abin da ya ɗauka. Ya ce a ƙarƙashin hoton akwai sunan abin da lambarsa, don in an samu hatsari likita ya san da me yake faɗa. Dokarmu ta gida kuwa, in ji shi, tana son jan tuta a gaba da bayan mota, da takardar izini, da bokitin yashi, ba fasinja, ba kayan abinci. Kayan da ya sauka daga jirgin ruwa da alamarsa kuma a bar masa ita har inda za shi, kada a taɓa.

Na ce ai tutar ma ta isa. Ya girgiza kai ya ce, "Tuta yana komawa da mota. Duro ne yake zama a cikin gari."

Na ce gaskiya ne, don ya tashi daga kan gwangwanina. Na zana masa allonsa, ya yaba, ya ɗauka. Ni kuma hannuna ya riga ya iya ƙoƙon kai.

To, ga yadda maganar duro take a garinmu a wancan zamani. Famfo yana kawo ruwa ne ranar da ya ga dama, randa kuma ta yi wa gida kaɗan, saboda haka kowace mace mai ji da kanta sai ta mallaki duro. Duro iri biyu ne. Akwai na gida, mai sirara, damina ɗaya ya yi tsatsa ya fara zuba. Akwai na waje, mai kauri, cikinsa sumul, wanda ake gadonsa. Cikin na wajen ma wanda ya fi kowanne kauri shi ne wanda ake kawo maganin feshin gona a ciki, kuma ba sai na faɗa maka dalilin da ya sa Turawa suka yi masa kauri ba. Shi ne mai ƙoƙon kai a jiki. Mata suka sa masa suna mai dariya. A kasuwa in mace ta zo sayen duro ba ta tambayar daga ina ya fito, sai ta zagaya shi tana neman haƙoran. Mutanen duniya sun zauna sun zaɓi hoton da ya fi kowanne ban tsoro, mu kuma muka mayar da shi hatimin kaya mai kyau.

Na ainihin kaɗan ne, masu so da yawa. Wani dillalin duro ya ga allon jami'in yana shanya a rumfata, ya tsaya ya daɗe yana kallo. Washegari ya turo mini amalanke cike da duron man gyaɗa. Ban yi gardama ba. Na ma gaya wa kaina aikin lada nake yi, tunda duk matar da ta sayi nawa ta tsira daga na gaske. Da wannan fatawar da na ba kaina na cika Sakkwato da ƙoƙunan kai, daga Ƙofar Rini har bakin gulbi.

Aikin safe kuma Kawu ne ya kawo shi, ƙanen Inna, mai babbar mota ɗaya da baki goma. Ya sami kwangilar ɗauko maganin feshin daga Ikko, sannan ya riƙa rarraba shi ƙauyuka, duro biyar nan, shida can. Daga Ikko ba matsala, mota cike take, ya ɗaura tutarsa ya lulluɓe da tamfol. A tafiyar ƙauye ne rigimar take. Duro biyar ba sa cika mota, kuma Kawu bai taɓa ganin fili a bayan motarsa ya bar shi ba. Sai ya cike da buhunan gishiri da gero, ya ɗora mutane a sama da kajinsu. Mai doguwar safa kuwa da ya leƙa ya hango haƙora, shi ke nan, kowa ya sauko, buhu ya sauko, a tsaya a rana ana karanta wa Kawu littafi. Sau uku ana yi masa haka.

Motocin da ke kai nakiyar fasa dutse kamfanin siminti na Kalambaina ba mai yi musu wannan wasa. Ba ka taɓa ganin fasinja a kansu, don duk garin muna jin ƙarar fashewar har cikin ɗakunanmu. Guba ba ta ƙara, shi ya sa ba ta da kwarjini.

Kawu ya zo rumfata da asuba yana huci. Ya ce, "Kai, ɗauko baƙin henti. Wanga mataccen da ka yi mani dariya bisa duro, rufe mashi baki. In sun tambaya, baƙin mai na."

Na ce, "Kawu, an ce doka ta hana a taɓa shi."

Ya ce, "Dokaw wa? Ta Turawa ta can bakin teku. Tamu ta ce tuta, ga tuta nan cikin aljihuna, in na wuce shi in ɗaura. Ni da nid ɗauko abin ga tun daga Ikko ban mutu ba, gishiri na za ya mutu?"

Hoton ba takarda ba ce da za a ɓare. A jikin ƙarfen aka buga shi tun daga masana'anta, fentin da aka gasa, ko wuƙa ba ta kankare shi da sauƙi. Rufewa kawai ake iya yi. Na rufe. Kawuna ne, kuma ba zan ɓoye ba, abin ya ba ni nishaɗi. Ina jin kaina wani gwani, ni kaɗai a duk garin na san wane duro ne ke ƙarya. Baƙaƙen suna zuwa ƙauye a juye maganin, Kawu ya dawo da su ba komai ya jibge a bayan gidansa. Ba mai tayawa, tunda ba su da haƙora.

Sai Inna ta ce tana son mai dariya.

Inna tana zaune a gidanmu na gado a Ƙofar Rini, ita kaɗai tun rasuwar Baba, tana sayar da kuka da daddawa daga cikin zaure, kuma ta ƙi komawa gidana ko na wani. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma taɓa ni a gaban mutane. "Kai wanga" nake a bakinta tun ina rarrafe. Duk Juma'a bayan masallaci nakan je gaishe ta, ta miƙo mini ruwa a moɗa, ta ba ni labarin wanda ya mutu da wanda ya kamata ya mutu. A irin wannan zaman ne ta ce maƙwabciyarta ta sayi mai dariya, ita kuma tana nan da randa kamar wadda ba ta haifa ba.

Na ce mata wannan hoton alamar guba ce, duron da ya ɗauki maganin feshi ba ya wankuwa, ƙarfen ya riga ya sha.

Ta ce, "Dut unguwag ga masu dariya na. Wa yam mutu?"

Gaskiya ta faɗa, ba wanda ya mutu, don kusan duk na unguwar aikin hannuna ne. Ni na rushe hujjata da kaina, da buroshi. In kuma na ce mata haka, na tona wa kaina asiri a gaban matar da labari ba ya kwana a bakinta. Sai na zaɓi hanyar da na saba. Na nemo duron man gyaɗa mai ɗan kyau, na wanke shi tas, na zauna na zana masa ƙoƙon kan da ban taɓa yin mai kyansa ba. Na sa aka kai mata a amalanke, ina biye ina murmushi.

Ta zagaya shi sau biyu. Ta dunƙule hannu ta ƙwanƙwasa gefensa, ta kara kunne. Ta sake ƙwanƙwasawa a ƙasa. Sannan ta durƙusa ta ƙura wa hoton ido, ta daɗe.

Ta ce, "Wagga wushirya ta ubanka ta."

Na duba. Wallahi tana nan, ƴar rata tsakanin haƙoran gaba biyu. Duk ƙoƙunan da na zana a garin nan da ita na zana su ban sani ba. Na cika gidajen mutane da haƙoran mahaifina.

Ta miƙe ta ce, "Ashe kai na ka cutar matan gari. Hal ni za ka kawo ma gwangwanin mai? Ji shi, sai ƙara kamar kwanon almajiri. Kai shi baya a zuba ma awaki dussa."

Na so in yi bayani, ta ɗaga mini hannu. Kunya ta hana ni nacewa, kuma a raina na ce ba komai, tunda ta san na bogi sun cika gari za ta haƙura da randarta. Ban yi tunanin kunnenta ba. Matar da ta gane ƙarya da ƙwanƙwasa biyu, za ta gane gaskiya ma da ƙwanƙwasa biyu, ko an shafe ta da baƙin fenti.

Daga baya na ji yadda aka yi. Kawu ya tafi Ikko, ita kuma ta je gidansa barkar haihuwa. Ta zaga baya ta ga baƙaƙen duro a jibge, ta ƙwanƙwasa ɗaya don sabo, ta ji muryar da take nema. Ba ta tambayi kowa ba. Yayar mai gida ce, wa zai hana ta? Ta sa aka kai mata ɗaya, aka yanke masa baki. Ta wanke shi da toka da ruwan zafi har sau bakwai, ta shanya shi kwana biyu. Da ta ji ɗan wari ya rage, ta ce warin sabon abu ne. Ran Laraba aka cika mata shi.

Ran Juma'a na shiga da sallama ba a amsa ba. Na same ta a kan tabarma a tsakar gida, zufa ta jiƙe ta sharkaf, yawu na bin gefen bakinta, tana ta goge shi da gefen zane cikin fushi. Naman kuncinta yana motsi shi kaɗai. Ta yi amai a gefe ta rufe da ƙasa. Ta ce zazzaɓi ne, kada in dame ta, in ɗebi ruwa da kaina yau. Ta nuna mini da haɓa, har da ɗan alfahari a cikin wannan halin.

Na juya. Baƙin duro yana tsaye a gindin katanga, an rufe shi da faifai, moɗa a sama. Kowane mai fenti ya san jan hannunsa. Nakan ja daga hagu zuwa dama, kuma nakan yi rowar fenti in na kusa ƙasa. Rana ta bugi gefensa, sai ga yankan tuwon madarar nan ya taso a ƙarƙashin baƙin, kusurwa huɗu cif. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba, kuma ban sake ji ba har yau. Na juyo wajenta.

Na ce, "Inna, tun yaushe ki ka shan ruwan ga?"

Ta ce, "Shekaranjiya. Sanyi garai kamar na randa."

Ban tsaya neman izininta ba. Na sungume ta, karo na farko a rayuwata, tana dukan ƙirjina tana cewa in sauke ta mutane na kallo. Wani maƙwabci mai a-kori-kura ya kai mu asibiti.

Likitan da muka samu ɗan Indiya ne, ba ya jin Hausa ko ta gaisuwa. Ya buɗe idonta ya haska, ya saurari ƙirjinta, ya yi magana da sauri. Nas ta juyo ta ce yana tambaya me ta sha. Na ce ruwa ne daga duron maganin feshi. Ta faɗa masa. Ya sake magana, ta ce, "Wane iri? Ya ce suna da yawa, kuma ba magani ɗaya ake ba su ba. Zai fara da abin da ya gani a jikinta, amma yana son suna."

Suna. Duro nawa na rufe da hannuna, ban taɓa tsayawa na karanta ko harafi ɗaya ba. Takardun kayan suna aljihun Kawu, Kawu yana hanyar Ikko. Ranar Juma'a ce da rana, ofisoshi a rufe. Muryar mai doguwar safa ta dawo mini tiryan-tiryan, yana zaune a kan gwangwanina yana cewa a ƙarƙashin hoton akwai suna.

Na fita da gudu. Na koma gida na tuntsurar da ruwan a ramin bayan gida, na ƙwace amalanken wani mai itace ban ko tsaya ciniki ba, na biya rumfata na ɗauki tsumma da galan ɗin tina, ruwan da ke narkar da fenti. Haka na ratsa Sakkwato da babbar rigar Juma'a, hula ta faɗi ban waiwaya ba, ina tura baƙin duro a tsakiyar titi. Wani dillali ya ɗaga mini murya daga rumfarsa, wai in na zana masa haƙora ya saya. Ban san abin da na ce masa ba, amma shekara biyu bai gaishe ni ba.

A harabar asibitin, gindin wata bishiya, na kwantar da duron na durƙusa. Fentin ya yi wata biyu yana shan rana, ya kama gam. Ina so in kankare da ƙarfi, ina tsoron in tafi da rubutun. Dole na bi a hankali, in jiƙa, in jira, in murza, mahaifiyata tana can ciki tana shaƙewa da yawunta. Ni da ke alfahari da fentina ba ya tashi, ranar na tsine wa ingancinsa. Allah ya taimake ni da rowata, don ta ƙasa inda na yi masa shafa ɗaya ya fara saki. Mutane suka taru a kaina suna ba da shawara, kamar yadda muka saba. Haƙoran ne suka fara fitowa, jere reras, ba wushirya. Wata mata a bayana ta ce, "La, mai dariya na, na ainihi!" Da muryar sha'awa ta faɗa.

Sannan haruffa suka fito, dogon suna wanda ko yau ba zan iya furta shi ba, da lamba a gefensa. Nas ta kira likitan. Ya fito ya tsuguna a cikin ƙura da farar rigarsa, ya bi rubutun da yatsa, ya gyaɗa kai sau ɗaya, ya miƙe ya koma ciki da sassarfa yana ba da umarni. Wani Bature da ban sani ba ya buga rubutu a wata ƙasa, ɗan Indiya ya karanta shi a Sakkwato, ba tafinta. Tsakaninsu ba abin da ya shiga sai ni da baƙin fentina.

Allura suka yi ta yi mata, ɗaya bayan ɗaya, har na daina ƙirgawa. Kafin magariba yawun ya tsaya. Kwananta tara a gadon asibiti, kuma tun a na uku ta fara faɗa da masu kawo abinci a kan gishiri, abin da ya tabbatar mini za ta tashi.

Asibiti suka sanar da mai doguwar safa. Ya zo ya tsaya a kan duron, rabi baƙi rabi fari, ya dube shi ya dube ni, ga tina har gwiwar hannuna. Na jira karatu. Bai yi ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya aika aka kawo kurfi da guduma, ya huda gindin duron wuri shida da hannunsa. Sannan ya tambaye ni saura nawa, na kai shi bayan gidan Kawu. Kwana biyu na yi a can ina wanke aikina, yana tsaye yana hudawa. Kawu ya dawo ya tarar da mu, ya fara ihu tun daga ƙofa a kan an ɓata masa dukiya. Matarsa ta gaya masa inda yayarsa take. Ya zauna a ƙasa inda yake, ya cire hula. An karɓe masa takardar izini, kuma ban taɓa jin ya yi ƙorafi a kai ba, shi da ke ƙorafi a kan ruwan sama.

Na daina aikin la'asar ma. Dillalin ya sami wani mai fenti cikin mako guda, wanda ƙoƙunansa suka fi kama da kabewa, kuma aka ci gaba da saye. Nawa kuwa sun daɗe a gari. Shekaru bayan haka nakan shiga gida gaisuwar mutuwa ko suna, in hango Baba a lungu yana yi mini murmushi, faifai a kansa.

Ranar da aka sallami Inna, muka fito ta harabar a hankali, tana ƙin a riƙe ta. Duron yana nan gindin bishiyar, ba wanda ya ɗauka tunda ya huje. Ta tsaya. Na ce mu tafi mota na jira, ta yi kamar ba ta ji ba. Ta matsa ta dubi hoton, ta leƙa haƙoran ɗaya bayan ɗaya. Ta dunƙule hannu ta ƙwanƙwasa, ta kara kunne.

Ta ce, "Ka ji? Na ainihi na. Kunnena bai taɓa yi mani ƙarya ba."

Na ce, "Na ainihi na, Inna."

Ta shafa inda sauran baƙin ya rage. Ta ce, "To wa yar ruhe mashi huska?"

Na duba ko'ina ban da ita. Na ce, "Ni na."

Na shirya wa zagi, na shirya wa tsinuwa ma, don na cancanta. Sai ta ce, "Wanda ad da ita ka ruhe, wanda ba shi da ita ka ba shi ta ubanka. Kai wanga, Allah shi shirye ka."

Ta juya za ta tafi, ƙafarta ta gurɗe, ta kai hannu ta kama damtsena a gaban duk mutanen da ke wurin, ba ta kuma saki ba har mota. A nan na fara jin rawar hannunta. Ƴar ƙarama ce, kamar ta wanda ya ɗauki kaya mai nauyi ya sauke. Na ɗauka ta rashin ƙarfi ce, za ta wuce in ta ci abinci ta huta.

Ta koma ga randarta, ta rayu shekara goma sha tara bayan haka, bakinta bai rage komai ba. Amma hannun bai daina rawa ba. In ta ɗebo ruwa, rabi a ƙasa yake ƙarewa kafin ya kai bakinta. Ba ta sake tayar da maganar duron ba ko sau ɗaya, ni ma haka. Duk Juma'a in na dawo daga masallaci, ni nake ɗebo ruwan, in durƙusa in riƙe mata moɗar har ta gama sha.